Mai Doki da Dokin Zuciya: Abin da Wasannin Ces Dubu Huɗu Suka Tona Mana

Wannan makon babu sabuwar waya a kan tebur, babu kwalin da za mu farke. Labarin wani bawan Allah na kawo muku, shi da wata lamba da ta hana shi barci kusan shekara guda, da kuma manhajojin da ke ƙirga lambar.

Mutumin abokin zamana ne a gidan hayar da muke ciki a arewacin Ingila. Bahaushe ne ɗan zangon Kumasi, yana aikin dare a wani katafaren sito na kaya, ni kuma ina fama da digirina na biyu a injiniyan lantarki. Ya yarda in ba da labarinsa bisa sharaɗin kada in kama suna, don haka zan kira shi da sunan da muke tsokanarsa da shi a gida, wato Mai Doki.

Wasan da ake magana shi ne ces, wanda 'yan uwanmu na Sudan da Saudiyya suka fi sani da shaɗaranj. Ga wanda bai taɓa bugawa ba: allo ne mai gida 64, kowa da dakaru 16. Akwai sarki, wanda in aka kulle shi wasa ya ƙare. Sai sarauniya mai darajar maki 9, hasumiya biyu masu maki 5, doki biyu da giwa biyu masu maki 3, da ƙananan sojoji takwas masu maki ɗaiɗai. Giwa ita ce wadda Turawa ke kira bishop, sunan Larabawa muka aro don ya fi daɗi a baki. Kowane gida yana da adireshi, harafi da lamba, kamar f7 ko c4.

Salon mutumin

Tun yana yaro Mai Doki gwanin diraf ne, wanda a Gana suke kira dami. Ces kuwa a ƙarshen 2020 ya fara, lokacin zaman kulle na korona, daidai sanda fim ɗin The Queen's Gambit na Netflix ya jawo ɗimbin mutane cikin wasan. Babu malami, babu littafi. Waya ce kawai da bidiyoyin YouTube masu taken yadda za ka kashe sarki a taku goma.

Salonsa kalma ɗaya ce: hari. Idan yana da fararen dakaru, sojan gaban sarki zai tura gida biyu, ya fito da doki, ya kai giwa c4, duk idonsa na kan gida f7. Dalili kuwa shi ne a farkon wasa sojan da ke f7 ba shi da mai tsaronsa sai sarki kaɗai. In abokin karawa ya fito da dawakansa biyu, sai Mai Doki ya cilla nasa dokin g5. Baƙi zai tare da soja a d5, a cinye sojan, kuma idan ya yi kuskuren ramawa da doki, to an zo wurin. Mai Doki zai faɗa f7 da dokinsa, ya ba da maki 3 ya karɓi 1, don kawai ya fito da sarkin abokin gaba tsakiyar fili, sarauniya ta bi shi da bugu. Wannan harin tsoho ne ƙwarai, sunansa ma abin dariya, in aka fassara shi ne soyayyiyar hanta. A gidanmu in ka ji ihu daga ɗakinsa da safe, to hanta ta soyu.

Gwaninsa a tarihi shi ne Mikhail Tal, ɗan birnin Riga, wanda ya zama zakaran duniya a 1960 kuma ya yi suna wajen sadaukar da dakaru don rikita abokin karawa. Na taɓa tuna masa cewa Tal ya rasa kambun a 1961, shekara ɗaya tak bayan ya ɗauka. Ya ce, "Injiniya, kai matsalarka ke nan, komai sai ka kawo lissafi."

Salon ya biya shi da farko. Sabon asusu a Lichess yana farawa da maki 1500. A makon farko ya gangaro wajen 1100, sannan soyayyiyar hanta ta riƙa ɗaga shi sannu a hankali har ya koma inda ya fara, ya wuce. A nan ne tarkon ya daina kamu. Masu wasa a wannan matakin sun san maganinsa: maimakon su rama da doki a d5, sai su kai ɗaya dokin a5 su kori giwar, su bar soja ɗaya ya tafi amma dakarunsu su riga naka fitowa. Wasu ma tun a taku na uku suke fito da giwa c5, yadda in ka kai doki g5 sarauniyarsu za ta ɗauke shi kyauta. Daga nan Mai Doki ya shiga abin da ya kira shekarar lilo.

Me lambar nan take aunawa?

Kafin mu ci gaba bari mu buɗe injin mu leƙa, tunda aikinmu ke nan a wannan tashar.

Tushen tsarin makin na Arpad Elo ne, malamin kimiyyar fiziks haifaffen Hungary da ya rayu a Amurka. Hukumar ces ta Amurka ta karɓi tsarinsa a 1960, hukumar duniya FIDE ta bi a 1970. Lambar hasashe ce kawai. In ka fi mutum da maki 100, ana sa ran ka kwashi kusan kashi 64 cikin 100 na sakamakon karawarku. In tazarar 200 ce, kusan kashi 76. In 400 ce, kusan kashi 91. Ka yi abin da ya fi hasashen a ƙara maka, ka gaza a rage.

Manhajojin intanet sun ɗora wani gyara a kai. Mark Glickman ya fito da tsarin Glicko a 1995, wanda ya ƙara lamba ta biyu mai nuna yadda tsarin ke shakkar makinka. Chess.com na amfani da Glicko, Lichess kuma Glicko-2. Shi ya sa sabon asusu ke tsalle da maki ɗari ko fiye a wasa ɗaya, har Lichess ke sa alamar tambaya a gefen lambar, alhali wanda ya daɗe yana bugawa kullum bai wuce ya motsa da maki biyar zuwa takwas ba. Kuma makin shafukan biyu ba a gwada su da juna. Mai 1500 a Lichess in ya koma Chess.com yawanci ƙasa da haka zai tsinci kansa, domin kowane shafi da taron mutanensa da wurin farawarsa.

Ga abin da mutane ba sa so su ji. Manhajar tana haɗa ka ne da sa'anka, don haka komai ƙwarewarka kusan rabin wasanninka za ka faɗi. Tamkar sitabilaiza take aiki: ka yi sama ta kawo maka masu ƙarfi su dawo da kai, ka yi ƙasa ta kawo masu rauni su ɗaga ka. In muka ɗauka kowane wasa jefa kwabo ne, muka ajiye kunnen doki gefe, yiwuwar faɗuwa shida a jere 1 ce cikin 64. Wanda ke buga wasa 300 a wata zai gamu da irin wannan jerin kamar sau biyu a watan, ko da babu abin da ya canza a kansa. Faɗuwa shida maki talatin zuwa hamsin ke nan. Ma'ana, lilon maki hamsin sama ko ƙasa hayaniya ce kawai, irin wadda muke tacewa mu zubar a ɗakin gwaji.

Mai Doki bai ɗauke ta hayaniya ba. Shi a wurinsa duk maki ɗaya da ya tafi, mutuncinsa aka taɓa.

Hunturun da ya gangaro

A watan Nuwamba ya kai ƙololuwarsa, 1640 da 'yan kai a wasan minti uku, wanda manhajar ke kira Blitz, mu kuma muke cewa walƙiya. Ya ɗauki hoton fuskar wayarsa ya sa a sitatus. Ya ce kafin sabuwar shekara sai ya taka 1700.

Wanda ya yi hunturu a Ingila ya san yadda abin yake. Ƙarfe huɗu na yamma duhu ya rufe, ga sanyi, ga kaɗaici. Mutumin nan zai dawo daga aiki da sassafe, ƙafa ta kumbura saboda tsayuwa, maimakon ya kwanta sai ya ce wasa ɗaya. In ya ci, sai ya ce hannu ya yi zafi, bari a ƙara. In ya faɗi, ai ba a kwanciya a kan faɗuwa. Da walƙiya ta ƙi, sai ya koma wasan minti ɗaya, Bullet, wato harsashi, inda ba tunani ake yi ba, saurin yatsa ne kawai.

A harsashi ne fasaha ke shigowa da ƙarfi. Akwai tsarin ajiye taku tun abokin karawa bai yi nasa ba, da ya taka naka ya fita nan take. A Chess.com kowane takun ajiya na cin kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, a Lichess ba ya cin komai. Amma makaho ne: ka ajiye taku kana zaton zai ci sojanka, shi kuma ya yi wani abu dabam, sai ka ga sarauniyarka ta tafi. Ga waifai na gida da mutum biyar ke rabawa, ga yatsa mai zamewa a kan gilashin waya. Duk waɗannan Mai Doki ya ɗora wa laifi, kuma wani lokacin da gaskiyarsa. Sai dai waifai ɗin nan shi ne wanda ya kai shi 1640.

Zuwa tsakiyar Janairu yana 1420. Maki fiye da 200 sun tafi, wannan kam ya wuce hayaniya. Ya makara aiki sau biyu a mako ɗaya har shugaban sashensu ya ja masa kunne, kuma duk wanda ke zaune a ƙasar mutane ya san abin da rasa aiki ke nufi ga kuɗin haya da na aikawa gida. Ranar da na ji ƙarar waya ta bugi bango, na ƙwanƙwasa ƙofarsa na ce, "Mutumina, ba ni sunan asusunka, ina so in duba wani abu."

Da muka zazzage wasannin

Lichess na barin a sauke duk wasannin mutum a fayil ɗaya mai tsarin PGN. Rubutu ne zalla: sunayen 'yan wasa, makinsu, sakamako, kowane taku, da ranar da lokacin da aka fara. Na sauke na shekara guda, wasa dubu huɗu da 'yan kai, na karanta su da Python ta amfani da python-chess, wanda kyauta ne. Gargaɗi ga mai son gwadawa: lokacin da ke fayil ɗin agogon UTC ne. A Gana daidai yake da agogonku duk shekara, a Najeriya, Nijar, Kamaru da Chadi ku ƙara awa ɗaya, a Saudiyya uku, a Ingila kuma sai ka ƙara awa ɗaya daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba. Ni da farko na manta, jadawalina ya fito a karkace.

Abu uku suka fito fili.

Na farko, lokaci. Wasannin da yake bugawa da yamma bayan ya yi barci, nasara ta fi yawa. Waɗanda yake bugawa da safe bayan aikin dare, faɗuwa ta fi yawa, kuma su ne suka fi yawa a fayil ɗin. Wato mutum biyu ne ke amfani da asusu ɗaya, mai barci da marar barci, makin kuma matsakaicinsu ne.

Na biyu, abin da ke biyo bayan faɗuwa. Na auna tazarar da ke tsakanin wasa da wasa. In ya faɗi biyu a jere, kusan babu tazara, nan take yake danna sabon wasa, kuma na ukun ya fi karkata ga faɗuwa fiye da yadda jefa kwabo zai bayar. A nan ne jerin faɗuwarsa suka bambanta da na lissafi. Na lissafi shida ne ko bakwai, nasa har sha ɗaya mun gani. Hausawa sun riga sun ba abin suna: hawa dokin zuciya.

Na uku shi ne ya fi ba shi haushi. Nasarorinsa gajeru ne, yawanci ƙasa da taku 25. Faɗuwarsa dogaye ne. Duk wasan da aka yi musayar sarauniya aka shiga ƙarshen wasa, inda sarki da 'yan sojoji da hasumiya kaɗai suka rage, to kamar an cire masa batir. Akwai wasanni da dama da ya fi abokin karawa da doki sukutum amma bai san yadda zai ƙarasa ba, sai ya sake sadaukar da wani abu don neman kisa, garin neman gira ya rasa ido.

Ya daɗe yana kallon jadawalin. Sannan ya ce, "Injiniya, akwai wani wasa a ciki da na'urarka ba za ta gane ba."

Safiyar da ya buɗe inji

Duk mai ces a intanet ya san Stockfish. Inji ne na kyauta wanda kowa zai iya ganin lambobin gininsa, ya fito a 2008, a 2020 kuma aka sa masa ƙwaƙwalwar koyo mai suna NNUE. Tun 1997 da Deep Blue ta kamfanin IBM ta doke Garry Kasparov aka san inda aka dosa. Yau wayar da ke aljihunka in ta ɗauki Stockfish, babu ɗan Adam da zai iya da ita. An yi shi don nazari bayan wasa. Buɗe shi ana cikin wasa maguɗi ne, babu wani suna.

A cikin makon da ya fi gangarowa, Mai Doki na wasa a kwamfuta bayan faɗuwa takwas, sai ya ɗauki waya ya jera matsayin wasan a allon nazari. Injin ya nuna masa taku, ya taka. Ya nuna na biyu, ya taka. Taku na uku sarauniyar abokin karawa ta faɗa tarko. Ya ce abin da ya tsayar da shi saƙo ne da mutumin ya rubuto a gefe yana yaba takun. Ya zauna agogo na tafiya, sannan ya danna miƙa wuya a wasan da ya riga ya ci, ya rufe kwamfutar. Mako uku bai sake bugawa ba.

Ba na wanke shi, shi ma bai wanke kansa ba. Miƙa wuyan ya mayar wa mutumin makinsa, amma doka an riga an karya ta. Shafukan nan suna da hanyoyin kama masu yi: suna gwada takunka da na inji, suna duba ko kowane taku, mai sauƙi da mai wuya, lokaci iri ɗaya yake ɗaukar maka, kuma in sun tabbatar sai su rufe asusun ko su yi masa tambari, su mayar wa waɗanda aka zalunta makinsu. Abin bai tsaya kan ƙanana ba. A Satumban 2022 Magnus Carlsen ya fice daga gasar Sinquefield a St. Louis bayan Hans Niemann ya doke shi, Niemann ya amsa cewa ya taɓa maguɗi a intanet yana yaro amma ya musanta yi a kan allo, rikicin ya kai kotu kafin a sasanta a 2023. In lamba ta iya rikita manya haka, ina ga mai aikin dare da bai yi barci ba.

Abin da muka canza

Ba mu sayi komai ba, wannan ya kamata masu bibiyar tashar nan su lura. Babu sabon linzamin kwamfuta, babu rajistar wata-wata.

Ya bar harsashi kwata-kwata. Ya koma wasan minti 15 da ƙarin daƙiƙa 10 a kowane taku, wanda za ka gani an rubuta 15+10. Wasa biyu a rana, da yamma, bayan barci. In ya faɗi biyun, sai gobe. Ya kunna yanayin Zen na Lichess, wanda ke ɓoye makinka da na abokin karawa ana cikin wasa, a kwamfuta harafin z kawai za ka danna. Kafin ya fara sabon wasa dole ya duba wanda ya gabata, da kansa tukuna, ya nemo inda yake ganin ya ɓata, sannan ya buɗe inji ya gwada. Sau da yawa inda yake zargi dabam, inda injin ya sa alamar tambaya biyu dabam, taku biyar kafin nan. Ya kuma zauna ya koyi ƙarshen wasa na sarki da soja, da yadda ake kulle sarki da hasumiya ɗaya, abin da ya raina shekara huɗu.

Game da manhajojin biyu, ga ra'ayina a taƙaice. Lichess, wadda Bafaranshe Thibault Duplessis ya kafa a 2010, kyauta ce gaba ɗaya, babu talla, da gudummawar jama'a take tafiya, kuma nazari da wasannin ƙwaƙwalwa duk a buɗe suke. Ga ɗalibi ko mai lallaɓa data, ita zan ce a fara da ita. Chess.com ta fi yawan jama'a, ta haura mambobi miliyan 100 tun ƙarshen 2022, kuma bitar wasanta ta fi yi wa sabon shiga bayani da kalmomi masu sauƙi, sai dai asusun kyauta an taƙaita masa yawan bita da darussa. Kowacce ka ɗauka, maɓallin da ya fi haɗari ɗaya ne, wanda ke fitowa da zarar ka faɗi yana tambayarka ko za a sake.

Inda yake yanzu

A wasan minti 15 yana wajen 1700. Kada ku ruɗu, makin wannan rukunin dabam yake da na walƙiya, don haka ba za a ce ya cika alƙawarin Nuwamba ba. Abin da na iya aunawa shi ne wasanninsa masu wuce taku 40 yanzu yana cin kusan rabinsu. Salon bai mutu ba. In ka ba shi f7 zai soya maka hanta har gobe, bambancin kawai yanzu in an tare ya san hanyar gida.

Makon jiya ya sauka da maki sittin. Na ji shiru, babu waya a bango. Da na tambaye shi sai ya ce, "Hayaniya ce, ko ba haka ka ce ba?"

Ranar Asabar ɗin da ta wuce na raka shi wani kulob na unguwa, karo na farko da ya taɓa zama gaban allo na katako. Wani dattijo ɗan fansho aka haɗa shi da shi. A taku na tara ya kai hannu ya taɓa doki, ya fasa, zai ɗauki giwa. Dattijon ya yi murmushi ya nuna masa dokin da yatsa, domin a kan allo doka ce, abin da ka taɓa shi za ka taka. Dokin ya tafi, wasan ya bi shi. Mun dawo a bas yana ta jera matsayin a waya yana neman inda ya fara ɓatawa, ya ce Asabar mai zuwa zai koma.

A bidiyon mako mai zuwa insha Allahu zan nuna yadda ake sauke fayil ɗin da yadda ake fitar da jadawalin lokaci, mataki-mataki, har ga wanda bai taɓa rubuta layi ɗaya na Python ba. Mai son ya ga nasa lilon, ya tanadi sunan asusunsa da ƙarfin zuciya. Sai mun haɗu.